Auta Ta Raka Baba Yana Kallo

A ƙauyenmu, in tsoho ya mutu, ba a ɗaga gawarsa daga ƙofar ɗaki sai mata sun yi masa wata waƙa. Tana da sunanta da yarenmu, amma mu da muka tashi a Kaduna waƙar rakiya muke ce mata. Mace ɗaya ke bayarwa, sauran na amshi. Mai bayarwa za ta kira gidan da mutumin ya fito, ta jero kakanninsa, ta ambaci gonarsu da rafin da ya sha ruwansa yana yaro, ta faɗi abin da ya yi a duniya, sannan ta ce masa ya tashi ya tafi, hanya a buɗe take. Sau ɗaya ake yi wa mutum ita, ba a maimaitawa. Coci ta zo ta kori abubuwa da yawa a wajenmu, wannan dai ta gagare ta. Fasto yakan gama addu'arsa ya ja gefe, mata su yi tasu.

Mamanmu ce mai bayarwa ta mutanenmu da ke wannan ƙetaren kogin Kaduna. Daga Barnawa inda muke haya har Gonin Gora, har Rido can wajen matatar mai, duk inda tsohonmu ya faɗi ƙofarmu ake fara bugawa. Ta ɗaura kallabi ta bi su, wani lokaci har ƙauye a cikin motar gawa. Na tashi ina jin haushin wannan aiki, don ba sau ɗaya ba an bar ni da girki da ƙanne saboda mutuwar wanda ban taɓa gani ba. Amma ko ni mai mita, in ta ɗaga murya sai tsigar jikina ta tashi.

Baba ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, ya koma gyaran keken ɗinki a bakin kasuwa. Can ciwo ya same shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta koma kalma ɗaya, biyu in ya matsa. Da gashin ƙashi da addu'a ya fara miƙewa. Kullum da safe yana bin bangon tsakar gida da hannun hagu, daga ƙofarmu zuwa famfo, ya huta, ya dawo. A lokacin ne na lura Mama ta soma yi masa wasu tambayoyi in tana shafa masa man zafi. Wane ne ya haifi kakanka, mafaraucin ko maƙerin? Rafin nan na bayan gonarku, da wane suna tsofaffi suka san shi? In ya amsa sai in ga leɓenta na motsi ba sauti. Na gane abin da take shiryawa, raina ya ɓaci. Na tare ta a kicin na ce, “Mama, mutum yana koyon tafiya, ke kina auna masa akwati?”

Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar shinkafa. Ta ce, “Sau nawa nake rakiyar wanda ban sani ba, sai abin da aka raɗa mini a mota? Nawa mijin ba zan yi masa ta gaggawa ba.”

Auta ita ce ƙaramarmu, akwai rata mai yawa tsakanina da ita. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, murya dai ta Mama ce sak. Tun tana firamare take cikin kwaya, mawaƙan coci. Yare kuwa tana ji sama-sama, ba ta iya mayarwa, in an yi mata magana da yare sai ta amsa da Hausa ko Turanci. Da aka zo tantance mawaƙa a wani otal a cikin gari don gasar waƙa ta talbijin, ta je ba ta ma gaya mana ba sai da aka ɗauke ta. Aka kwashe su zuwa Legas, aka zuba su a gida ɗaya, aka karɓe musu wayoyi.

Kafin a fara nuna shirin sai da suka turo masu kyamara gidanmu, wai za su ɗauki tarihin ’yar takara. Na yi shara, na canza labule. Suka zo suka ce a fitar da kujerun falo da firij daga inda kyamara za ta gani. Suka zaunar da Baba a kan benci kusa da famfo, suka ce ya yi ƙoƙarin ɗaga hannun da ya mutu. Wata yarinya mai dogayen farce ta ba Mama hoton Auta ta ce ta kalle shi ta ɗan yi hawaye. Mama ta ce ita ba ta iya kukan oda ba. Ni malamar firamare ce, kuma an san ni da baki, saura kaɗan na kora su da tsintsiya. Don Auta na haɗiye.

Duk yammacin Lahadi sai mu fito da talbijin baranda, maƙwabcinmu ya tayar da janareta in an ɗauke wuta, gidan hayar nan kaf ya hallara. Hajiya mai sayar da atamfa, wadda gidanta ke bayan namu, takan shigo da ’ya’yanta, duk da ta ce ita waƙar Turanci hayaniya kawai take jin ta. Baba yana gaba a kujerarsa, sanda a tsakanin ƙafafu. Mun sha kallo. Akwai wani saurayi da ba ya kai ƙarshen baiti sai ya durƙusa, ka ce an yi masa rasuwa. Akwai wata da ke waƙar soyayya kamar tana faɗa da kwandasta. Alƙalai uku ne: ɗaya aikinsa haɗe rai, mace ɗaya da hawayenta ke kusa, sai na ukun da ke jira su gama ya maimaita abin da suka ce.

Auta ta fara da waƙoƙin Turanci. Tana yi daidai, ba ta kuskure, amma kullum alƙalin nan mai haɗe rai sai ya ce murya akwai, ita ce dai bai gani a cikin waƙar ba. Tana ta reto a ƙasa-ƙasa, mu kuma muna ta tura mata ƙuri’a ta waya, matan zumunta na coci har sanarwa suke yi bayan sujada.

Sai aka zo makon da aka ce kowa ya kawo waƙar gida, ya kuma sadaukar da ita ga wani nasa.

Ta fito ba takalmi, sun ɗaura mata wani saƙi da ba irin namu ba, sun ɗiɗɗiga mata farin alli a fuska, ban san ƙabilar da suka aro wa wannan kwalliya ba. Ta riƙe makirufo da hannu biyu ta ce wannan ta babanta ce. Sai ga hoton Baba a kan bencin nan ya cika allon bayanta. Tsakar gida ta kaure da ihu, Hajiya ta rangaɗa guɗa, Baba yana murmushi da rabin baki. Aka saki jita a hankali, Auta ta fara da gunji a maƙoshi, ba kalma tukuna.

Ni ban gane nan take ba, kayan kiɗa sun yi wa abin ado. Mama ce ta miƙe zumbur, farantin gyaɗa ya kife daga cinyarta. Ta ce, “Ku kashe! Ku kashe shi!” Mutane suka ɗauka murna ce ta yi mata yawa. Hajiya ta riƙo zanenta tana dariya tana cewa, “Haba Maman Auta, zauna ki ji abin alheri mana.” Daidai nan Auta ta kira sunan gidan kakanninmu, nan na gane waƙar rakiya ce. Na yi tsalle zan zare wayar wuta, sai Baba ya buga sanda a ƙasa. Ya ce, “Bari.”

Haka muka tsaya muka ji ta har ƙarshe. Sunayen kakanni ta samo su ne daga kirarin da mazanmu ke yi wa Baba a taron ƙarshen shekara na ’yan garinmu, kuma ta jero su daidai, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta faɗi masaƙa, ta faɗi keken ɗinki, ta faɗi yadda ya goya ta zuwa asibiti cikin ruwan sama. ’Yan matan Legas da aka koya wa sautin suna yi mata amshi ba su san abin da suke cewa ba. Sannan ta kalli kyamara, ta kalli ubanta ke nan, ta ce masa da yarenmu ya tashi ya tafi, hanya a buɗe take. Kuma waƙar ta yi daɗi. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai, ban taɓa jin Auta ta yi waƙa kamar ta ranar ba.

Alƙalai suka miƙe tsaye. Macen ta yi kuka har kwalliyarta ta dame. Mai haɗe rai ya ce bai ji kalma ɗaya ba amma ta shiga ƙashinsa, ya ce yau duk ƙasar nan babu uban da ya kai nata alfahari. Maƙwabta suka yi ta zuwa suna riƙe hannun Baba suna taya shi murna. Shi kuwa Mama yake kallo. Da hayaniya ta lafa ya ce mata, “An yi.” Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Washegari Baba bai bi bango ba. Na ce gajiya ce. Jibi ma haka. Na zauna a gabansa na yi masa lacca irin wadda nake yi wa ’yan aji, na ce waƙa iska ce, ba ta kashe kowa, na ce shi dattijon coci ne, bai kamata ya biye wa camfi ba. Ya saurare ni har na gama, ya nuna mini kofinsa in ƙara masa ruwa.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Tashar ta yanki waƙar ta mayar da ita tallan shirin. Bayan labarai a sa, tsakiyar wasan kwaikwayo a sa, tsakanin tallan sabulu da na taliya sai ka ji Auta tana ce wa Baba ya tashi ya tafi. In mun kashe tamu, ta maƙwabta tana yi. Yaran layi suka ɗauki amshin suna rerawa a hanyar makaranta. Na shiga keke napep zan je kasuwa, mai keken ya saka ta a waya yana kaɗa kai, na sauka tun ban kai ba.

A cikin makon ne, da rana tsaka, na dawo daga makaranta ke nan, muka jiyo kuka daga bakin layi. Irin kukan namu ne, wanda ake farawa tun daga nesa don mutanen gida su san masu makoki sun iso. Gwaggo ce, yayar Baba, ta taso daga ƙauye da wasu mata biyu, da ƙunshin kaya a ka da rabin buhun acca na zaman makoki. Wani ne ya kai musu waƙar a waya, ga hoton Baba ga rakiya. Ba wanda ya tsaya kira ya tambaya. Wa zai ji waƙar rakiya da sunan mutum ya tsaya tambaya? Abin da ya fi ƙona mata rai a hanya ma shi ne wai mun yi wa ƙanenta rakiya a talbijin ba mu aika mata ba.

Ta faɗo tsakar gida hannu a ka, ta tarar da ƙanenta a baranda, tawul a wuya, wanzami yana yi masa aski. Kukan ya maƙale mata. Ta matsa ta taɓa kuncinsa, ta taɓa gwiwarsa, sai ta zauna daɓas a ƙasa. Wanzami ya naɗe kayansa ya fice, rabin kan ma bai gama ba. Baba ya yi wata dariya mara daɗin ji, ita ce ta farko tun ranar Lahadi.

Da suka sha ruwa aka shiga ɗaki. Ban taɓa ganin Mama ta durƙusa tana roƙon kowa ba sai ranar. Ta ce yarinya ce, haihuwar birni, ba ta san nauyin abin ba. Ta ce a Legas aka yi, da jita, ba gawa a gaba, ba mace ɗaya tamu a wurin, yaya za a ce wannan rakiya ce?

Gwaggo ta ce, “Matarmu, da a Legas abin ya tsaya da sauƙi. Muna zaune gindin mangwaro aka kunna mana. Da yarinyar ta bayar, mu muka amsa. Ni da bakina na amsa, har ƙarshe, ina kuka. In an bayar an amsa, an yi.”

Mama ta ce, “Bisa kuskure kuka amsa.”

Gwaggo ba muguwa ba ce, kuma ta san abin da Mama ta yi wa mutanenmu shekara da shekaru. Ta ce za ta kai maganar gaban tsofaffin mata, tunda abin rashin sani ne wataƙila a ɗauke shi kamar ba a yi ba. Ta ce, “Amma ku ja wa yarinyar nan kunne. Kada ta sake fitowa daga bakinta. In ta sake, ba kuskure ba ne kuma, ba ni da bakin magana.”

Fasto ma ya zo da ya ji labari. Ya buɗe Littafi ya ce babu inda aka rubuta wannan doka, ranar da Ubangiji ya kira dattijo Mama ta yi waƙarta ko sau goma ne. Mama ta ce, “Fasto, ni zan bayar. Wa zai amsa mini?” Ya rufe Littafin ya ce a yi addu’a.

Ana ba ’yan gasar dama su kira gida sau ɗaya a mako, ’yan mintoci, kyamara a kansu. Na ce da zarar Auta ta kira zan gaya mata. Mama ta hana. Ta ce kowane mako sabuwar waƙa suke yi, ba wanda ke maimaita tsohuwa, to mene ne na gaggawa? Ta ce, “So kike ta ji wannan magana a gaban mutanen da suka ce in yi kukan oda? Su ɗauki fuskarta su yi talla da ita? In ta dawo zan gaya mata da bakina, a ɗakina.” Muka yi ta musu har na yi fushi na bar mata kicin ɗin. A gaskiya dai hujjarta ta fi tawa.

Da ta kira, muryarta kamar ta fashe don murna. “Mama, kin ji? Baba ya ji? Na yi daidai?”

Mama ta ce, “Mun ji. Allah ya yi miki albarka. Kina cin abinci kuwa?”

Aka miƙo mini wayar. Ta ce, “Anti, sun ce ni ce ta ɗaya a ƙuri’a wannan makon, kin san haka?” Na ce na sani, na ce ta riƙa shan ruwan ɗumi saboda murya.

Daga nan masu shirin suka hana ta takalmi. Kowace Lahadi sai su fito da ita ƙafa a ƙasa, da allin nan a fuska, ko da waƙar Turanci za ta yi. Suna neman abin ranar ya sake dawowa, bai dawo ba. Mako ɗaya aka ba ta waƙar rawa, ’yar da ba ta taɓa rawa ba sai tafi a kwaya, ta yi ta bin masu rawa a baya tana haki. Wani makon aka haɗa ta da saurayin nan mai durƙuso su yi ta soyayya, ya riƙo kugunta, ta ƙame kamar an kama ta da sata. Mai haɗe rai ya koma cewa yarinyar da ta girgiza shi ta ɓata. Ni kuwa, Allah ya sani, na daina tura ƙuri’a. So nake a cire ta ta dawo gida kafin wani abu ya faru.

Aka kuwa cire ta. Na sauke ajiyar zuciya. Yadda aka saba, wanda aka cire yakan rungume ’yan uwansa, ya ɗaga hannu, ya sauka. Amma ranar ’yan kallon da ke zauren suka hau kiran waƙar, suna buga ƙafa. Mai gabatarwa ya sa yatsa a kunne ya saurari na bayan fage, ya yi murmushi ya ce ba a taɓa yi ba, amma yau za a yi: kafin ta tafi, ta sake yi musu waƙar babanta. Ina tsaye ina ce wa talbijin a’a, a’a, kamar tana ji na.

Ta yi ta ba kiɗa, muryarta kaɗai, tana hawaye, zauren duka yana amshi. Wannan karon Mama ba ta ce a kashe ba. Tana zaune hannu a cinya har aka gama. Bayan kwana kaɗan wani direban garinmu ya biyo da saƙon Gwaggo, bai ko zauna ba. Ya ce, “An ce a gaya wa matarmu an ji.”

Auta ta dawo, matasan coci suka tarbo ta daga tasha da tafi da waƙa. Ta zube gaban Baba ta ce, “Baba, ka ji waƙarka?” Ya dafa kanta da hannun hagu ya daɗe bai ɗauke ba. Da baƙi suka watse Mama ta kira ta ɗaki. Ina bakin ƙofa. Mama ta yi mata bayani a hankali, ba faɗa, ba ɗaga murya, da ma ta yi faɗan da ya fi sauƙi.

Auta ta ce, “Na san a makoki ake yin ta. Amma Mama, duk makokin da kika kai ni, rumfa nake gani da anko da rawa. Ina jin kina faɗa wa mutum abubuwa masu daɗi bayan ba ya ji. Shi ne na ce ni ubana zai ji nasa da kunnensa.”

Mama ta ce, “Ya ji.”

Na rasa wanda zan ji haushi. Ina jin haushin masu shirin da suka ɗauki abin da ba su sani ba suka yi kasuwa da shi. Ina jin haushin tsofaffin ƙauye da dokarsu. Har Mama ina jin haushinta, da ta yi ta jan yarinya zuwa makoki ba ta taɓa zaunar da ita ta ce mata ga abin da ba a yi ba, don a ganinta abu ne da kowa ya sani. Auta kaɗai na kasa jin haushinta, ita kuwa ta kasa yafe wa kanta. Ta daina zuwa kwaya. Masu biki suka yi ta nemanta ta zo ta yi musu waƙar nan ta talbijin, a wajen ɗaurin aure fa, ta kashe wayarta. Ta koma jinyar Baba. Kullum da safe sai ta durƙusa ta ce, “Baba, tashi mu je famfo, ni da kai.” Wani lokaci don ita yakan miƙe ya yi taku kaɗan ya ce ya isa.

Bayan wucewar damina ciwon ya sake bugunsa, da safe, yana riƙe da kofin kunu. Likita ya ce hawan jini ne, kuma ni har gobe abin da na yarda da shi ke nan. Amma da muka kai gawarsa ƙauye ba wanda ya tambaye mu abin da likita ya ce.

Aka ajiye akwatin a ƙofar ɗakin ubansa. Fasto ya yi wa’azi, kwaya ta rera tata, aka ce amin. Mata suka matso suka kewaye akwatin kamar yadda aka saba, don jiki ya riga ya saba, suka tsaya cirko-cirko. Maza masu ɗauka suna jira a ba su hanya. Sai na ga Mama ta gyara ɗaurin zanenta ta shiga tsakiya. Ta dafa murfin akwatin, ta ɗaga kai, ta saki kiran farko, wanda ake buɗe waƙar da shi. Muryar ta fita tas, har awakin da ke bayan danga suka yi shiru.

Ba wadda ta amsa. Mu ’ya’yan mamaci ba ma amshi, namu kuka ne, don haka ko na so ba ni da iko. Ina kallon matan nan ɗaya bayan ɗaya, wasu Mama ce ta raka iyayensu, hawaye na zuba a fuskarsu, bakinsu a rufe gam. Gwaggo ta toshe nata bakin da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ba a shiga baiti na biyu sai an amsa na farko. Mama ta jira. Ta kalle su, ta sake jira. Daga nan ta ɗauke hannunta daga kan akwatin ta ja baya, maza suka sunkuya suka ɗauka.

Da la’asar, bayan an dawo daga kabari, na same su a bayan gida inda ake girkin baƙi. Mama na zaune kan turmi, Auta ta durƙusa a gabanta, muryarta ta dishe don kuka. Ta ce, “Mama, ki gaya mini yadda taki take. Ko da baki ne, ba da waƙa ba. In ji abin da kika shirya masa.”

Mama ta kalle ta, ta share mata fuska da tafin hannu. Ta ce, “Ba a faɗar ta sai mai ita na kwance a gaba, ’yata. Da ni za a binne ta.” Sannan ta ce mata ta tashi ta ɗebo ruwa, baƙi za su wanke hannu.